Yadda Za Ka Sayar da Kaset Mai Cin Magana Fiye da na Kowa

Kai mai tebur a kasuwar Bodinga, a zamanin nan da sabulu ma sai an bi layi, ga hanyar da za ka ture abokin gasarka. Mainasara mai kaset ya bi ta, ta karɓe shi. Kai ma za ta karɓe ka.

1. Ƙara wa kaset ciki da bakinka

In Arzika na teburin gaba ya ce nasa na cin maganar awa ɗaya, ka ce naka biyu. In ya ce nasa daga Japan, ka ce naka ko can sai manya. Zaren duk ɗaya ne, gajere. Takardar baya kawai za ka sauya.

2. Nemi wadda ba ta karatu

Kamar Kande ta Danchadi, da ta zo teburin Mainasara neman kaset don aika saƙo. Mijinta na kwance, ɗansu Husaini na Ikko, kuma ba ta son mai rubuta wasiƙa ya ji cikin gidanta. Ka durƙusa, ka ce mata Inna, ka rantse wannan sai ta gaji ta bar shi.

3. Kada ka ce mata yana tsayawa

Kande ta aro rikoda, ta ɗaura sabon zane, ta zauna gabanta. Ɗiyar mutunci ba ta buɗe baki da mugun labari. Ta gaida Husaini, ta gaida maigidansa da abokan kwanansa, ta faɗi waɗanda sunka haihu, ta ba da labarin albasa da na akuya. Can ta ji ƙas, ta ɗauka rikodar ce ta gyara murya. Sannan ta sassauta ta ce, "Husaini, babanka ya bar cin tuwo. Taho."

Bango ta faɗa wa.

4. Ɗora laifi kan batir

Amsa ta zo hannun direba. Husaini ya bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, har akuyar ya tambaya, ya ce tunda kowa lafiya, sai babbar salla. Tsohon na kwance yana ji, ya juya fuska. In uwar ta zo maka da wannan, ka ce batir ne. Batir ba ya da baki.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba ruwanta da abin da ya biyo baya. Yanzu duk ranar kasuwa Kande na shimfiɗa tabarma gaban teburin Mainasara, kowa ya miƙa hannu ga kaset sai ta ɗauko masa saƙon da bakinta daga inda anka yanke. Ta ce ba kuɗinta take so ba, Mainasara ya hau mota ya kai sauran maganar Ikko da bakinsa.

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, za ki gaji."

Ta ce, "Ni ba na yin ƙas."