Yadda Sallau Ya Yi Ribas

A ƙauyenmu akwai wani mutum, Sallau, ƙato da gemu, amma in ka ce masa ya jira ka a ƙofa sai ka dawo baɗi ka same shi. Yana zaune gidan wansa Hashimu, kuma tuwon gidan kaf ya dogara ne da wata tsohuwar tasi da Sallau ke ja zuwa Funtuwa. Tuƙi kam ya iya. Sauran kuwa, sai addu'a.

Wata rana a shataletale, jif ɗin wani Alhaji ta daki tasin ta baya, but ɗin kaya ya shige ciki. Sallau ya kira wansa. Hashimu ya ce, "Kada ka motsa, kada ka ce uffan sai na zo!" Shi ke nan, Sallau ya sandare a kan sitiyari, ido a buɗe. Aka taɓa shi, shiru. Mata suka fara salati, wani har ya rufa masa mayafi. Da Hashimu ya iso a gigice, sai gawa ta ce, "Yaya, in motsa?" Ranar har takalma aka bari a titi.

Wata rana suka je kamfanin inshorar Alhaji, irin waɗanda ke karɓa da murmushi, in aka zo biya su ɗaure fuska. Jami'in kamfanin ya ce babu maganar gyara sai an kawo duk wanda ya gani da idonsa, don ya san ba mai barin sana'arsa. Washegari sai ga Sallau da mai shayi, masu rake, 'yan acaba da rabin tasha, sun cika ofis har bakin titi, kowa na rantsuwa. Wallahi har tausayin maigadin na ji.

Wata rana, da magana ta kai ga 'yan sanda, kafin a shiga wurinsu, jami'in ya ja Sallau gefe. "Malam Sallau, in an tambaye ka, ka ce kai ka yi ribas ka bugi Alhaji. Sai a gama da wuri kowa ya huta." Sallau ya ce to. Ana tambayarsa kuwa ya faɗa, tiryan-tiryan. Hashimu ya dafe kai, idonsa ya kawo ruwa, don ya san tasi ta tafi, tuwo ya tafi.

Sufeto ya ce, "To, nuna mana yadda ka yi."

Sallau ya fita wurin tasin, ya naɗe hannun riga, ya kafa kafaɗa a gabanta. "Jama'a, a kama mini!"

"Kai, shiga ka sa giya mana!"

"Ai ba ta da ribas, ranka ya daɗe. Tun kafin in yi aure ta mutu, turawa muke."

Sufeto ya shiga da kansa, ya murɗa giya har ya yi gumi. Ko gezau. Ya fito yana share fuska. "To wa ya ce ka yi ribas?"

Sallau ya nuna jami'in, cike da ladabi. "Yallaɓai ne, don kowa ya huta."

Sufeto ya jawo benci ya ce wa jami'in, "Bismilla, zauna. Yau kam a nan za ka huta."