Gadon da Sadiku Ya Fara Hawa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka shiga Sakkwato neman wurin kwana ba. Har yanzu in na tuna ina tuƙa tuwo, sai na ajiye muciya na rufe fuska.

Ɗana Sadiku ne ke ciwon kunne, yana da wata bakwai lokacin. A asibitin Gummi suka ce mu kai shi babban asibiti a Sakkwato, mu kasance can Litinin da sassafe. Daga ƙauyenmu Adabka ba kullum ake samun mota ba, shi ya sa ni da Baban Sadiku muka fito tun Asabar. Abin da ba mu lissafa ba, Asabar ce ta ƙarshe kafin azumi, ranar da duk mai niyyar aure yake son ya gama. Garin ya cika maƙil. Kowane layi rumfa, kowace mota 'yan biki.

Masauki na farko suka ce babu ɗaki. Na biyu ma haka. Na uku akwai, amma da mutumin ya faɗi kuɗin kwana ɗaya sai na zaci ɗakin zai sayar mana gaba ɗaya. Rana ta ƙwalle, Sadiku na ta kuka a bayana, ni kuma zuciyata ta riga ta gama kwana da shi a tasha, sauro ya cije shi, zazzaɓi ya hau kan ciwon kunne (haka nake, kafin abu ya faru na riga na yi masa kuka).

Sai na tuna Inna ta ce akwai wata Hajiya 'yar Gummi da ke saukar da mutanen gida kyauta. Unguwar kawai na riƙe, sunan ya ɓace mini. Muka kira Inna, wayarta a kashe. Muka tsayar da mai keke napep, Baban Sadiku ya yi masa bayani.

"Gidan da mutanen Gummi ka sauka? Na san shi. Ko yau da safe na kai wasu mata can."

Ya ajiye mu ƙofar wani gida mai rumfa da kujeru. Ban kawo komai a raina ba, tunda ko'ina haka yake. Baban Sadiku ya ce in shiga, shi zai kwana masallacin da ke kusa.

Na yi sallama. Wata mata mai jiki, ana kiranta Anti Luba, ta taso tana share gumi.

"Daga ina?"

"Daga Gummi," na ce, don ba kowa ya san Adabka ba.

"Alhamdu lillahi. Tun ɗazu 'yan'uwanki sunka ce za a turo wadda za ta zauna. Taho."

Na ce a raina Allah ya saka wa Inna, ashe ta riga ta yi waya. Anti Luba ta kai ni wani sashe, ta buɗe ɗaki, ta danƙa mini makulli. "Kar ki bari kowa ya shigo."

Na tsaya bakin ƙofa baki buɗe. Gado ne ya kusa faɗin ɗakina na gida. Labule har ƙasa, kwanuka jere cikin gilashi suna walƙiya, ga ƙamshin turaren wuta da sabon fenti. Duk na gani, ni da idona ba ya barin komai ya wuce. Abin da na fahimta daga ciki kawai shi ne Hajiya tana girmama baƙi.

Na kwance goyo. Da na taɓa gadon sai na ji katifar na ƙara, ashe ledarta ba a cire ba. Leda na sa wa yaro ƙuraje, don haka na yaye zanen gado, na yage ledar tas, na mayar da zanen. Na kwantar da Sadiku, na cire masa nafkin ya sha iska. Na ɗauko sabuwar roba na wanke wandunansa, na shanya su a kan ƙarfen labule. Aka aiko da shinkafa da nama, na ci a sabon faranti. Har Baban Sadiku na kira na ce masa, "Wallahi ƙarya ake yi wa mutanen birni."

Bayan magariba na ji hon ɗin motoci, sai guɗa. Na ce biki ake a maƙwabta. Guɗar ta shigo tsakar gida, ta nufo sashen da nake. Aka turo ƙofa. Mata ne cike, wata tsohuwa a gaba riƙe da hannun yarinya lulluɓe da mayafi tana sheshsheƙa.

Ga ni zaune tsakiyar gado da ɗaurin ƙirji, ina ba Sadiku nono. Da na ji maganarsu irin ta gida ce, tausayi ya kama ni. Na matsa gefe na ce, "Sannunku da hanya. Ku ma ɗaki kunka rasa? Ku shigo, gadon na da faɗi."

Guɗar ta mutu a bakin mai yin ta.

Tsohuwar (gwaggon amarya ce, daga baya na sani) ta dubi wandunan da ke ɗiga a jikin labule, ta dube ni. "Ke ɗiyar wa ta?"

Kafin in amsa Anti Luba ta kutso. "Ba taku ba ta? Ba ita kunka turo ta tsare ɗaki bayan jere ba?"

"Tamu tana wurin kitso tun azahar. Wagga ban taɓa ganinta ba."

A nan komai ya haɗu a kaina, jere, ɗaki, mayafi. Na zabura na sunkuci Sadiku, sai ga inda ya kwanta, taswirar fitsari faɗin faifai a kan farin zane, ta riga ta nutse cikin katifa. Wata ta ɗaga zanen. "Ina ledar?" Na nuna bayan ƙofa.

Na durƙusa na faɗi komai, kunnen yaro, masauki uku, mai keke. Ina magana ina hango mu a titi. Gwaggo da Anti Luba suka fara musun wa ya ba wa makulli. Sai muka ji sautin amarya ya canza a ƙarƙashin mayafi. Kafaɗunta na rawa. Dariya take yi.

"Ke, rufe baki, amarya ba ta dariya," in ji gwaggo, ita ma tana cije leɓe. Ta juyo kaina. "Tashi, ɗiyata. Ba mu korar mai goyo da duhu. Kwashe tutocinki daga labule, ki bi mu gidan da anka sauke mu."

Aka juya katifa, aka canza zane, aka ƙara turare. Na kwana a tabarma cikin 'yan kawo amarya, kowace ta wuce sai ta ce wa Sadiku, "Ango, an tashi lafiya?" Da suka tafi ranar Lahadi, uwar ango ta ce in zauna ɗakinta har Litinin. Likita ya ga kunnen, ya warke.

Tun daga nan, duk gidan da na shiga sai na tambayi sunan mai shi kafin in kwance goyo. In kuma aka nuna mini ɗakin da ya fi ƙarfina aka ce kyauta ne, tabarma nake nema a waje.