Yadda Ake Juya Kaset ɗin Amurka Ya Koma Ɗan Funtua

Kana da bidiyo a gida, an kawo maka kaset daga ƙasar waje ya ƙi nunawa? Kwantar da hankalinka, ka zo gidan sauƙi. Ni ne Sanda, akawun awon auduga, wanda unguwa ke kira Injiniya tun ranar da na tayar da rediyon maƙwabci ta hanyar juya masa batir. Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu wanda zai gane ba ka san komai ba. Da su nake cin tuwon sunana har yau.

1. Karɓi aiki tun ba ka san kansa ba

A ce Inna Liatu ce ta taso tun daga Malumfashi a motar kasuwa, da kaset naɗe cikin ɗankwali kamar ƙwai. Ɗanta Amos, abokinka na firamare, yana karatu a Amurka. An yi masa haihuwa, ya ɗauki jaririn a bidiyo ya aiko. Ba ta taɓa ganin jikan nan ba, ga idonta ya fara yana.

"Sanda, an ce duk Funtua babu mai hannu a kan akwatin nan kamarka. So nake in ga fuskar yaron nan tun idona bai gama rufewa ba."

Kada ka ce bari ka duba. Masu koyo ke dubawa. Ka gyara hula ka ce, "Inna, wannan ai kamar shan ruwa ne."

2. Saka kaset, ka ga ikon Allah

Hoto zai fito babu launi, yana gudu sama yana ɓullowa ta ƙasa, ga zane-zane sun ratsa shi. Gabanka zai faɗi. Bar shi ya faɗi, amma kada fuskarka ta sani. Zagaya bayan talabijin ka murɗa duk abin da ke murɗuwa. In ta tambaya lafiya, ka ce inji ne yake ɗaukar zafi.

3. Nemi mai laifi

Ka fara da wutar lantarki, ba ta da bakin kare kanta. Sannan jirgin sama, ka ce ya girgiza kaset a hanya. In ta kama, ka shafa wa Amos, tun a makaranta hannunsa rawa yake yi.

Daga nan ka buɗe inji ka goge cikinsa da auduga, mu dai Allah bai rage mu da ita ba. Ka hura masa iska, ka ɗan mare shi a gefe. Masana sun ce inji kamar jaki yake, sai da lallashi da ɗan bugu. Ni ne masanan. In duk bai yi ba, ka ce wa Inna ta koma gida ta dawo kasuwa mai zuwa, aikin na natsuwa ne.

4. Juya shi a kaset ɗin gida

Nan ne ilimin yake, ka buɗe kunne. Irin masarar da aka kawo daga waje, ai da ya sha ƙasarmu damina ɗaya ya zama ɗan gida. To haka kaset. In ka juye na Amurka a cikin wanda ka saya a kasuwar Funtua, dole ya ɗauki halin gari.

Kana buƙatar inji na biyu. Je wurin Alhaji Maiwada mai hatsi ka aro nasa. Zai ba ka, amma zai biyo ka har gida, don ba ya yarda injin ya kwana a waje. Sai kun iso za ka ga nasa mai cin ƙananan kaset ne, bakinsa ya yi wa naka kaɗan. Kada ka tura da ƙarfi. Na san dalilin da ya sa na ce kada ka tura.

Haɗa wayoyi, ja da ja, sauran kuma yadda Allah ya nufa. Sayo ƙaramin kaset a kasuwa, ka juye babban a cikinsa, ka kunna. Za ka tarar barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: sabon ya fi uwarsa gudu, har da ɗigo-ɗigo fari fal.

Alhaji zai leƙo ya ce, "Injiniya, ruwa ake yi a Amurkar?"

"Ƙanƙara ce, Alhaji. Haka garinsu yake."

5. In gaskiya ta zo, yi kamar tare kuka kwana

Wani malamin sakandare da ya taɓa zama a Amurka zai ji labari, ya gaya maka kaset ɗinsu daban, namu daban, sai da wani inji na musamman, shi kuma bai san mai shi ba in ba Legas ba. Ka gyaɗa kai ka ce, "Abin da nake shirin faɗa ke nan." Ka jira ya tafi kafin ka yi tagumi.

6. Ranar da ta dawo

Wannan matakin ba ni da dabara a kansa. Za ta shigo da sanda da ƙullin gyaɗa na godiya, kunya ta rufe ka tun daga ƙofa. Faɗa mata kawai: "Inna, ya fi ƙarfina."

Za ta ce, "Saka mini shi haka nan."

Saka mata. Za ta ja kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Wani ɗan kai zai wuce sama, ya ɓullo ta ƙasa, ya sake wucewa. Kada ka yi magana, kamannin yaron take tsinta.

"Ga goshi. Ga kunne! Kunnen gidanmu ne, ga shi nan kamar faifai." Sai ta tuntsire da dariya, ta nuna gilashin da yatsa. "Kai, maigida! Ko haƙori ba ka yi ba har ka fara guduna? Hau sama ka dawo, matarka na nan zaune."

Za ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Sanda, mayar mini da shi farko."

Mayar mata, sau nawa ta ce. Wannan maɓallin dai ka iya shi.

Gargaɗi

Babu ruwana da injin da ya ƙone, ko kaset da ya maƙale, ko gaisuwar da Alhaji Maiwada ya daina amsawa. In kuma tsohuwa ta miƙe ta dafa kanka ta ce Allah ya yi wa hannun nan albarka, ka rasa inda za ka sa fuskarka, kada ka zo wurina neman magani. Ban same shi ba tukuna.