Muryar Tasalla a Bakin Aku

A wani daji da kowa ya gaji da kowa, aku ne ke kai saƙo, kuma gida biyu ke kiwonsa. Akwai lambun Ɗawisu mai katanga, inda aku ba ya cin ƙwayar kowa sai ta lambu, ba ya kuma koya wa baƙon aku ko kalma. Akwai kasuwar Biri, wadda ko ƙyaure babu, kowa na cusa wa aku abin da ya ga dama.

Tsoho Damo akun lambu yake riƙe da shi. Tun rasuwar matarsa Tasalla, muryarta ba ta rage ko'ina ba sai a bakin akun nan. Kullum da safe sai ya ce, sak yadda take faɗa, "Malam, tashi ka sha kunu kafin ya huce." Abin da ke tashin Damo ke nan.

Sai Ɗawisu ya sauya ƙwaya, ya kawo mai taurin da bakin tsohon aku ba ya fasawa. Aku ya soma ramewa. Damo ya ja ciki ya kai kuka.

"Baba, don lafiyarku muka yi," in ji Ɗawisu, yana gyara gashi. "Karɓi sabon aku, yau ɗin nan zai ɗauke muryar tsaf. Ka dai san ladan, guntun wutsiyarka."

To ina wutsiyar? An sha sauya ƙwaya, Damo ya sha yanka, har ya koma kamar kwaɗo. Ya ce a yi masa sassauci. Aka ce tsari ne.

Ya ɗauki akunsa ya nufi kasuwa. Biri ya tare shi da fara'a har kunne.

"Haba Baba, wutsiya kuma? Mu nan 'yanci muke rabawa! Ajiye shi kusa da nawa, su kwana biyu tare. Kyauta ne."

Akun Biri kuwa, ko ba a koya masa ba, da saurare kawai ya kwashe muryar kafin tsohon akun ya cika. Damo ya yi hawaye, ya yi godiya har da durƙuso. Bai san akun kasuwa ba ya riƙe abu shi kaɗai ba.

Ran kasuwa ta gaba, yana shigowa ya ji Tasalla daga kowace rumfa: "Malam, tashi ka sha kunu kafin ya huce. Sannan ka nemi maganin basir na Kura, a gindin tsamiya." Kunya da kewa suka haɗe masa.

Majalisar daji ta zauna a kan maganar. Ɗawisu ya ce, "Ku ga abin da ke samun wanda ya bar katanga." Biri ya ce, "Ku ga muryar da katanga ta so binnewa, yau kowa na amfana." Aka tafa wa duka biyun, aka ɗage zama.

Ba wanda ya tambayi Damo. Shi dai ya je gindin tsamiya ya karɓi maganin, ko da yake lafiyarsa lau. Bai taɓa yi wa Tasalla musu ba.