Rasuwar Tubabbiya, Gangar Zoɓon Malam Muntaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da aka ƙaddara, Malam Muntaka, malamin kimiyya da ke zaune a Takur, yana sanar da abokan aikinsa rasuwar gangar ƙarfensa, wadda aka fi sani da Tubabbiya. Ta cika da hantsin Laraba, bayan jinyar wata biyu.

Ba a ɓoye asali a ranar mutuwa. Marigayiyar ta yi ƙuruciyarta a wata mashaya a bayan gari, tana ɗurar giya. Da aka ƙaddamar da shari'a, mai gidan ya tattara zai koma garinsu, Malam ya karɓo ta tare da tukunyar gas ɗinta, ya sa ta a hanya. Tun daga ranar ba abin da ya shiga cikinta sai zoɓo da citta. Shekara uku tana shayar da baƙi zoɓo mai tartsatsi a harshe kamar lemon kwalba. 'Yan hisba sun taɓa zuwa bincike, sai da suka ƙara kofi biyu-biyu. Duk wanda ya san ta zai tuna "fusshh" ɗinta in an murɗa famfo.

Ciwon ya fara ne da wani siririn "tsss". Allurar agogon gas ta riƙa sauka ba dalili, zoɓo yana fitowa lami. Malam ya bi ta a tsanake, yadda yake bin ɗalibi mai jinkirin fahimta. Ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa yana jiran inda za ta kumbura. Ya sauya tiyo, ya ƙara ɗaure kan tukunya, ya je har Kano ya samo sabon zoben roba. Kumfar dai a bakin murfi take tashi.

Rannan ya dawo gida da wuri, ya tarar da uwargidansa, Malama Mu'minatu, a bakin rijiya tana dirje bakin gangar da yashi da tafasasshen ruwa. Ashe haka take yi duk mako tun zuwan marigayiyar, don zuciyarta ba ta taɓa natsuwa da tsarkin gangar ba, kuma ba ta son baƙon mijinta ya sha abin shakka. Yashin ya cinye bakin ƙarfen, ba robar da za ta ƙara zama. Malam ya tsaya ya kalle ta, ya yi mata sannu da aiki, ya wuce ɗaki.

Tubabbiya ta rasu ta bar tukunyar gas mai sauran rabi, da tiyo biyu, da kofuna goma sha ɗaya.

Wannan takarda ta ɗakin malamai ce kaɗai. Malama ba ta san yashinta ne sila ba, Malam kuma ba ya son ta sani. Wanda ta tambaya, ya ce tsufa ne.

Za a kai gawar wurin Arzika maƙeri a kasuwar Jahun ranar Asabar da safe. Zaman makoki a ƙofar gida, da ruwan randa. Malama ta roƙi a bar mata wankan ƙarshe, har ta ɗebo yashinta. Malam ya amince.