Rasuwar Baƙar Kebbe, Tukunyar Naman Gidan Ɗangiwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da gajiya ta gama da shi, Atu matar Malam Ɗangiwa na nan garin Tambuwal tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar tukunyarta ta dafa nama, wadda aka fi sani da Baƙar Kebbe. Ta rasu ranar Asabar bayan azahar, a kan murhu, tana cikin aikinta, bayan shekara talatin da ɗaya a gidan.

Da an bi ta Atu, da babu wanda zai ji wannan sanarwa. Amma tun ranar gidan bai zauna lafiya ba. An ɗora alhakin mutuwar a kan Ni'imatu, matar ɗanta Almu, wadda ba ta cika wata biyar da tarewa ba, har Almu ya ce ranar Laraba za a mai da ita gidansu a Fakku, ta zauna can sai ta koyi girki. Don haka tilas a faɗi yadda abin ya faru.

An gina marigayiya a Kebbe, da yumɓun bakin fadama, a hannun wata maginiya Lauratu, wadda ita ma ta daɗe da riga mu gidan gaskiya. Ta zo Tambuwal cikin kayan auren Atu, naɗe da tsumma a cikin kwando. Da zuwanta ja ce jawur. Hayaƙi da maiƙo ne suka mai da ita baƙa, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Duk wanda ya ci abinci a gidan nan zai shaidi halinta. Mai haƙuri ce, ba ta san gaggawa ba. A zuba mata ganda ko jijiya ko ƙafar sa da hantsi, a jefa 'yar kanwa da daddawa da masoro da citta, a rage itace, a tafi wani aiki. Ba ta ihu, sai dai a ji ta can ƙasa-ƙasa, ɓul, ɓul, ɓul, kamar tsohuwa mai jan carbi. Kafin la'asar nama ya saki ƙashi don kansa. Malam Ɗangiwa, wanda haƙora uku suka rage masa, kuma ba a jere suke ba, ya yi shekara goma yana cin nama albarkacinta. Mai rufin asiri ce kuma. Ran da tsoka biyar kawai ta shigo gida, takan fitar da romon da zai zaga kwano tara, baƙo ya tashi yana sa albarka. Mata sun sha cewa Atu tana da hannun miya. Atu takan yi murmushi ta karɓi yabon, amma ta san rabinsa ba nata ba ne.

Abu ɗaya tak marigayiya ba ta jurewa, kuma kowace mace ta san shi tun tana wasan tuwon ƙasa: ba a zuba wa tukunyar yumɓu mai zafi ruwan sanyi. Shi ya sa kullum Atu ke ajiye ruwan ɗumi a gefen murhu, ta kuma sha yi wa 'ya'yan maƙwabta faɗa a kan haka.

Ajali ya zo ranar bikin samun 'yancin kai. Mutanen unguwa sun yi watanda, wato sun haɗa hannu sun sayi sa an yanka an raba kashi-kashi. Sai dai san tsohon takarkari ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana dakon gero, namansa kamar igiyar guga. Atu ta ɗora nata kashin tun da safe. Ga baƙi daga Kebbe, ga tuwo, ga hura, ga ƙafa tana ciwo. Da azahar ta jingina da bangon madafi don ta ɗan huta, barci ya sace ta. Ƙaurin nama ne ya tashe ta. Ruwa ya ƙone ƙaf, na ɗumin kuwa wani ya riga ya juye ya yi alwala. Atu ta zabura, ta tsoma moɗa a randa, ta sheƙa.

Marigayiya ta ce ƙas, sau ɗaya. Sannan wuta ta ce cuuu, shi ke nan.

Ni'imatu tana dakan yaji a gefe. Ta yo gudu ta karɓi moɗar daga hannun surukarta, ta durƙusa tana tsince nama daga toka. A haka mata suka shigo suka same ta, moɗa a hannu. Saudatu maƙwabciya, wadda bakinta ba ya jiran kowa, ta tafa hannu ta ce, "Ai ga ta nan. Ɗiyan yanzu ba su san komi ba sai tukunyar ƙarfe."

Atu ta kau da kai. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ita da ake aiko amare su koyi miya a wurinta, a ce ita ta yi wannan? Ni'imatu kuwa ta dubi surukarta sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tsince nama. Kwana uku tana shan gori a bakin rijiya, tana dawowa ta durƙusa ta gai da Atu kamar kullum. Wannan gaisuwa ce ta hana Atu cin abinci.

Jiya da safe ta leƙa ɗakin yarinyar ta tarar tana ɗaure kayanta. Ta fita ta sa aka kira Almu da Saudatu, ta tsaya a tsakar gida.

"Ni ta niz zuba ruwan," in ji ta. "Barci niy yi. Ɗiyag ga ba ta yi komi ba sai rufa min asiri, ni ko nib bari anka ci mutuncinta. Ba ta zuwa ko'ina."

Almu ya yi ta susar ƙeya. Saudatu ta tuna ta bar tuwo a wuta.

Marigayiya ta bar marfi ɗaya mai ɓalli a gefe, da ludayi biyu, da ƙanwarta tukunyar tuwo, da duwatsun murhu uku da suka ɗauke ta duk tsawon rayuwarta. Ta kuma bar Malam Ɗangiwa, wanda yanzu sai dai ya tsotsi nama ya ajiye. Akwai wata tukunyar ƙarfe da Almu ya kawo daga Sakkwato, amma dangi ba su ƙidaya ta cikin magada ba.

Za a yi jana'iza yau Laraba bayan la'asar. Gindin marigayiya za a ajiye wa kaji su riƙa shan ruwa, babban ɓangaren gefe kuma a bar shi don ɗebo wuta. Sauran za a kai su bayan gida a rufe da ƙasa. Ba a bukatar goro, ba a bukatar kuka.

Masu zuwa ta'aziyya su fara biyawa ɗakin Ni'imatu su ba ta haƙuri. Daga nan su ƙaraso ƙofar madafi, za su tarar da Atu zaune. Ta ce duk wadda ta san ta faɗa wa yarinyar nan magana a bakin rijiya, ta zo da ita yadda take, ta maimaita wa mai ita, wato ita Atu.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.