Burtun da Ya Yi Atishawa

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na sa mataimakin magajin garin Diffa rarrafe cikin taɓo, ba don komai ba sai don tsawon bakina.

Ni tela ne a kasuwa, amma ranakun hutu ina cikin ƙungiyarmu ta 'yan sa kai da ke kula da wani kurmi a bakin kogin Komadugu, bayan gonakin tattasai, inda zalɓe da belbela da dinya suke sheƙa. Muna tsince tsofaffin ragar kamun kifi da ke maƙale wa tsuntsaye a ƙafa, muna lallashin masu itace su bar bishiyoyin. Abin da muke nema shi ne hukuma ta hana sara a wurin gaba ɗaya. Da aka ce mataimakin zai zo ya gani da idonsa, aka rasa mai bayani, sai na ɗaga hannu. (Gaskiya ba a rasa ba. Na dai riga kowa ne.)

Ya iso cikin farar shadda, sai ƙamshi yake. Ina gaba, ina zuba kamar rediyo. Can cikin ciyawa na hango baƙin kai da dogon baki da jan maƙogwaro, yana sunkuyawa yana ɗagowa. Burtu! Tun ina yaro rabona da ganinsa.

"Ranka ya daɗe, duƙa!" na ce da raɗa. "Wannan tsuntsu ya bar ƙasar nan da daɗewa. Aikinmu ne ya dawo da shi."

Bawan Allah ya tattare riga ya duƙa. Na ce mu matsa, ya bi ni da gwiwa. Madam Falmata, shugabarmu, tana ta jan gefen rigata, ni kuwa ina ture hannunta, a zatona daɗi ne ya ishe ta. Har bayani na ƙara: "Dubi tafiyarsa, ranka ya daɗe. Namiji ne, kuma da alama matar tana kan ƙwai." Ban tsaya nan ba, na kumbura kumatu na yi masa kukan burtu, wai ko zai amsa.

Ya kuwa amsa. Ya yi wata atishawa da ta tashi belbelun kurmin kaf, sannan ya ce, "Alhamdulillahi."

Burtu ya miƙe tsaye a kan ƙafafu biyu, da wando da silifa. Ashe dattijon nan ne da ake kira Ba Modu, tsohon maharbin da ya ajiye baka ya shigo ƙungiyarmu. Kan burtun da yake farauta da shi a da ne ya ɗaura a goshi, don ya kwance raga kusa da sheƙa ba tare da ya firgita iyaye ba. Kowa ya san yana haka, ban da ni, saboda ba na sammako.

Ya dube mu muna durƙushe, ya yi mana sannu da harshensu ya ce, "Wushe, wushe. Tela, wani abu ya faɗi ne kuke nema?"

Na so ƙasa ta tsage. Mataimakin ya dubi gwiwoyin shaddarsa, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har ya zauna daɓas cikin taɓon. Da ya samu numfashi ya ce, "To Ba Modu, ina uwargida? An ce tana kan ƙwai." Madam Falmata sai da ta riƙe bishiya.

Amma mataimakin ya zauna ya saurari tsohon, ya ga tulin ragar da ya kwanto. Ya ce wurin da maharbi ya koma makiyayi bai kamata gatari ya shiga ba. Ba a jima ba aka kafa allon hana sara. Shaddar kuwa ni na wanke ta, na goge, na kai har gida.

Yanzu duk layin teloli Malam Burtu suke kirana, har matata in ta so tsokana. Na dai koyi abu ɗaya: in mace ta ja maka riga kana tsakiyar jawabi, ba tafi take maka ba. Rufe bakinka.